Gandun Dajin Gadabeji: Tambayoyi da Amsoshi kan Ciyawa, Wuta, Ruwa da Namun Dawa

Waɗannan su ne tambayoyin da makiyaya, manoma, ɗalibai da kansiloli suka fi yi game da yadda ake tafiyar da gandun daji a ƙasar rairayi irin ta arewacin jihar Maraɗi. Mun ɗauki Gadabeji domin shi ne namu, amma yawancin amsoshin za su yi aiki a kowace makiyaya daga Dakoro har Bermo.

Ina Gadabeji yake, kuma tun yaushe aka keɓe shi?

Yana arewa da Dakoro, a gundumar Bermo, bayan an ƙetare kwarin Tarka. An keɓe shi a 1955, tun zamanin mulkin Faransa, kuma faɗinsa hekta 76,000 ne. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake kare halittu tare da mutanen da ke zaune a kewayensu, wanda ya kai faɗin yankin gaba ɗaya fiye da hekta miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Tsarin kashi uku ne: tsakiya, wato tsohon gandun, inda doka ta fi tsanani; kewayen tsakiya, inda ake kiwo bisa sharaɗi; sai waje, inda garuruwa da rugage da kasuwanni suke.

Ƙasa ce ta tuddan rairayi da kwaruruwa, da tafkunan da ke cika da damina su ƙafe da rani. Ruwan sama a mafi yawan shekaru tsakanin milimita 200 ne da 400, kuma cikin wata uku yake sauka. Yankin yana arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata, wato a hukumance ƙasar kiwo ce.

Ba tsare namun dawa daga maharba ne aikin ba?

Wannan ɓangare ɗaya ne, kuma ba shi ya fi cin lokaci ba. Barewar da ta tsira daga bindiga amma ta rasa abin ci a watan Afrilu, ita ma ta tafi. Abin da ma'aikacin gandun daji yake kiwo a zahiri shi ne ciyawa, itace da ruwa. Ciyawar nan, ƙarangiya da komayya da gadagi, ta shekara ɗaya ce: ta tsiro da ruwan fari, ta yi iri a Satumba, ta bushe a tsaye. Abin da ya bushe ɗin shi ne rumbun daji, da shi kowa zai ci har wata damina, saniya da barewa da fara da gara, kuma ba a ƙara masa ko zangarniya ɗaya. Duk shawarar da za a yanke, ta wuta ce ko ta rijiya ko ta burtali, sai an tambaya: me za ta yi wa wannan ciyawa?

Tarihin wurin ma haka ya nuna. Mariri da jimina da raƙumin dawa duk sun taɓa zama a nan. Farauta da mota ta rage su, farin 1973 da 1974 da na 1984 suka ƙarasa, gonaki da rijiyoyi suka toshe hanyar da sauran za su dawo ta ita.

Yaya ake sanin yawan dabbobin da daji zai iya ɗauka?

Da ma'auni, ba da kallo ba. Ana yin aikin a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, lokacin da ciyawa ta gama girma kuma ba a riga an cinye ta ba.

Ana zaɓen layi mai tsawon kilomita ɗaya da ya ratsa tudu da gangare da kwari. A kan layin, bayan kowane adadin taku da aka tsayar tun kafin a fara, sai a ajiye firam na ƙarfe ko na itace mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. A yanke duk ciyawar da ke ciki daga gindi, a zuba a buhu, a rubuta lamba. A shanya har nauyinta ya daina raguwa, sannan a auna. Kowane giram ɗaya a cikin firam yana nufin kilo goma a hekta. Idan matsakaicin abin da aka samu giram 90 ne, hekta tana da kilo 900.

Ba duka dabba za ta ci ba. Iska za ta kwashe wani, gara ta ci wani, kofato ya tattake wani, kuma dole a bar wani ya rufe ƙasa. Shi ya sa kashi ɗaya cikin uku kawai ake lissafawa: kilo 300 ke nan. Ma'aunin da ma'aikatar kiwo ke amfani da shi dabba ce mai nauyin kilo 250, mai cin kilo 6.25 na busasshen abinci a rana. A kwana 270 na rani, tana bukatar kusan kilo 1,700. Raba 1,700 da 300, za ka ga dabba ɗaya tana bukatar kusan hekta shida. A shekarar da firam ya ba da giram 30 kawai, hekta goma sha bakwai take bukata. Wato dajin da a misalin farko zai ɗauki dabba dubu goma sha uku da ɗoriya, a na biyu da ƙyar ya ɗauki dubu huɗu da ɗari biyar, alhali iyakarsa ba ta motsa ba.

Inda aikin ke lalacewa: mai aunawa ya riƙa ajiye firam inda ciyawa ta yi kyau, ko a auna ta da ɗanye, ko a tsaya bakin hanya saboda mota ba ta son rairayi. Na ukun ya fi yawa. Sai a rubuta wa gwamna cewa akwai rara, watan Maris ya zo ya ƙaryata takarda.

Mene ne amfanin hanyar tare wuta, kuma yaya ake yin ta?

Dogon ziri ne na ƙasa tsirara da ake sharewa cikin ciyawa domin wuta in ta iso ta rasa abin ci. A Nijar faɗin da aka saba shi ne mita 15 zuwa 20. Ƙasa da haka, iskar hunturu tana ɗaukar tartsatsi ta tsallake da shi.

Lokacinta da zarar ciyawa ta fara bushewa, daga Oktoba, a gama kafin hunturu ya kankama. Wanda ya fara a Janairu ya makara, domin mafi munin gobara takan zo ne a farkon rani, lokacin da ciyawa take cike kuma dabbobi ba su rage ta ba. Manyan hanyoyin ana shata su ne su gicciye iskar da ke zuwa daga gabas da arewa maso gabas, sannan a ratsa su da ƙanana domin daji ya rabu gida-gida. Gidan da ya kama shi kaɗai zai ƙone. Ana haɗa su da abin da Allah ya riga ya share: hanyar mota, bakin tafki, tudun da ba ciyawa.

Kayan aiki ba su da yawa: manjagara, hauya, adda, igiya don daidaita faɗi, da amalanke. Wasu wurare ana jan reshen ƙaya ko ƙarfe da raƙumi ko tarakta, sannan mutane su bi da manjagara. Kilomita ɗaya mai faɗin mita 20 hekta biyu ce cif, don haka kafin a yi alkawarin kilomita ɗari, a san hekta ɗari biyu za a share.

Kuskure uku muke gani kowace shekara. Na farko, a tara ciyawar da aka share a gefen hanya a tafi. Wannan tarin shi ne zai ɗaga wuta sama ta tsallake. A kwashe ta da amalanke a kai ma'ajiya, abincin dabbobi ne na watan Mayu, kuma kuɗinta yana iya biyan wani ɓangare na aikin. Na biyu, a bar ƙananan sabara ko kalimbo a tsakiyar hanya. Na uku, a share sau ɗaya a ce an gama: iska tana turo busasshiyar ƙarangiya ta sake rufe wurin, sai an koma an duba bayan kowace babbar iska.

Mun ji a gandun W ma'aikata da kansu suke cinna wuta. Me ya sa a nan aka hana?

Ciyawar ce ba iri ɗaya ba. Gandun W, wanda aka kafa a 1954 a kudu maso yammacin ƙasa kusa da kogin Kwara, yana samun ruwa kusan ninki biyu na Gadabeji. Can gamba ce da ƴan'uwanta masu saiwa mai rai. In an ƙone su da wuri, a Nuwamba ko Disamba, da sauran danshi a ƙasa, wutar ba ta da zafi sosai, kuma bayan ƴan makonni sai sabon toho ya fito wanda ɓauna da gwanki ke so. Wutar farko kuma tana hana ta ƙarshen rani, mai kashe manyan itatuwa.

A Gadabeji babu saiwar da za ta yi toho. Abin da ya ƙone a Nuwamba ya ƙone har Yuli. Irin da ke saman ƙasa yana tafiya, ƙananan kandili da aduwa suna mutuwa, rairayi ya zauna tsirara wata takwas iska tana kwasa. Ɗauko dabarar W a kawo nan ɓarna ce tsantsa.

In wuta ta tashi fa?

A fara da waya: ma'aikatan gandun daji, magajin gari, hakimi ko arɗon da ya fi kusa. A faɗi inda take da inda iska ta nufa. A janye yara da dabbobi zuwa gefe ko zuwa inda ya riga ya ƙone, kada a gudu a gabanta, domin wutar ciyawa da iska tana iya fin mutum sauri.

Ba a tarar ta gaba da gaba. Ana bin gefunanta biyu daga baya, ana bugu da ɗanyen reshe ko jiƙaƙƙen buhu zuwa cikin toka, masu shebur suna watsa rairayi, har a matse kanta. Da yamma da dare, in iska ta kwanta, aiki ya fi ci. Wutar tarba, wato a cinna wata daga bakin hanya don ta haɗu da mai zuwa, sai wanda ya san aikin kuma da umarnin mutum ɗaya. In iska ta juya, an sami gobara biyu. Bayan an kashe, a bi layin a farfasa busasshen kashin shanu da kututture, sukan riƙe garwashi har gobe.

Mafarinta kusan kullum ƙarami ne: garwashin shayi da aka zubar ba a binne ba, guntun taba, murhun zango, masu neman zuma ko gafiya.

Me ya sa ba a haƙa rijiyoyi da yawa ba, dabbobi da namun dawa su huta?

Domin a ƙasar kiwo ruwa ne ke tsara cin ciyawa. Saniya tana shan ruwa kullum ko bayan kwana biyu, don haka ba ta nisa da mashaya fiye da kilomita goma sha biyar zuwa ashirin. Duk inda aka sa rijiya, kewayenta zai zama fili: kusa da baki ƙura da tumfafiya, gaba kaɗan ciyawar da dabba ba ta so, sai can nesa a tarar da mai kyau. Wurin da ya yi nisa da kowace rijiya shi ne ke hutawa, shi ne ke ajiye iri, nan ne barewa ke haihuwa. In rijiyoyi suka matsu, kewayensu ya haɗe, babu sauran wurin hutu.

Dokar kiwo ta 2010 ta sa tazara: kilomita 15 tsakanin rijiyoyin gargajiya, 20 tsakanin na siminti, 30 tsakanin rijiyoyin burtsatse. Na burtsatse mai inji ko mai hasken rana ya fi haɗari, domin rijiyar guga tana da iyaka, ƙarfin jaki da igiya, shi kuwa famfo yana shayar da duk garken da ya zo. In ya zama dole a yi shi, a tsayar da watannin buɗewa da na rufewa tun kafin a haƙa, a rubuce, da sa hannun waɗanda za su sha.

Namun dawan wannan yanki kuma ba su dogara da rijiya kamar shanu ba. Barewar rairayi tana iya daɗewa ba ta sha ba, daga ganye da raɓa take samun abin da ya ishe ta.

To makiyaya ne matsalar? Me zai hana a kore su, a kewaye gandun da waya?

Ba mu goyon bayan wannan, kuma ba don kara ba. Kewayen hekta 76,000 ya haura kilomita ɗari. Wayar da za ta zagaye shi rairayi zai binne ta, kuma za ta tare namun dawan da kansu, waɗanda tun asali suke bin inda hadari ya zubar. Ma'aikata kaɗan ne, amma Fulani da Buzayen da ke kewaye suna ko'ina. Su ne ke fara ganin hayaƙi, su ne ke gane sawun motar da ba ta yankin ba. Kiwo daidai gwargwado ma yana rage ciyawar da wuta za ta ci, kofato yana binne iri, taki yana komawa ƙasa.

Abin da ke ɓata daji shi ne zama wuri ɗaya da kuma lokacin da aka shiga. Garken da ya sauka kan ciyawa tana ɗanya, kafin ta yi iri, ya ci na bana ya ci na baɗi. Wanda ya zo bayan iri ya zuba, ɓarnarsa kaɗan ce. Shi ya sa sharuɗɗan da suka fi aiki a irin wannan wuri su ne: ba kafa zango a tsakiya, ba kwana, ba karnuka, ba gatari, ba sabuwar rijiya, a kuma bar wasu kwaruruwa su huta da damina. Sharaɗin da aka zauna da arɗo da hakimai aka yanke ya fi wanda aka aiko daga Yamai tsawon rai.

Kuma matsin ba daga arewa kaɗai yake ba. Duk burtalin da aka nome a kudu, duk makiyayar da ta zama gona a kwarin Tarka, garken da ya rasa wurin nan gandun zai nufa. Aikin kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, na shata burtali da kafa masa turaku, kariya ce ga Gadabeji ko da an yi shi a Gidan Runji. Mutanen jihar nan ba su manta kisan da aka yi a ƙauyen Toda a 1991 ba, sun san inda rikicin gona da kiwo ke kaiwa.

Raƙuman dawan da aka kawo, daga ina suke, kuma suna nan?

Daga yankin Kure suke, gabas da Yamai, inda ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka rage. A 1996 guda 49 kacal aka ƙirga. Da kariya suka haura 600. Amma tara su wuri ɗaya haɗari ne, cuta ɗaya ko fari ɗaya na iya gamawa da su, ga gonaki da hanyar mota sun matse su. A Nuwamban 2018 aka ɗauko takwas, aka fara ajiye su a shinge na makonni su saba, sannan aka yi tafiyar kusan kilomita 800 da su a babbar mota. A 2022 aka ƙaro huɗu. Sun zauna, har sun haihu a wurin, bayan kusan shekara hamsin ba a ga irinsu ba.

Kada a yi tsammanin garke da wuri. Cikin raƙumar dawa kusan wata goma sha biyar ne, ɗa ɗaya take haifa. Asarar mace ɗaya a irin wannan adadi babban gibi ne. Abincinsu ganyen kandili, aduwa, magarya da gawo, wato itatuwan da makiyayi ke sassabe wa awaki da rani. Wanda ya gamu da su ya tsaya nesa, ya riƙe karensa, musamman in da jariri. Harbin ƙafarsu yana kisa.

Yaya ake ƙidayar namun da ba sa tsayawa wuri ɗaya?

Raƙumin dawa mai sauƙi ne: zanen jikin kowanne daban yake, sai a ɗauki hotonsa dama da hagu a ba shi lamba. Barewa da tuje da dila kuwa ana bin layuka ne da aka shata a taswira, da sassafe, a hankali, ana rubuta kowace dabba da nisanta daga layi, daga nan a ƙiyasta na sauran daji. Masu yawon dare, irin su yanyawa, sai kyamarar da ke ɗauka da kanta in abu ya gifta. Sirrin duka shi ne maimaitawa: layi ɗaya, wata ɗaya, hanya ɗaya, kowace shekara. Ƙidaya ɗaya ba ta faɗin komai. A riƙa rubuta shanu da zango da kututturen da aka sare a kan layin, sau da yawa su ne ke bayyana dalilin raguwar barewa.

Garmani ya cinye mana makiyaya. Akwai magani?

Akwai, amma ba na shekara ɗaya ba. Garmani, wanda wasu ke kira hatsin Makka, ya fi yawa a burtali da makiyayun kudu da tsakiyar jiha, inda aka tattake ƙasa aka cinye ciyawa mai kyau. Dabba ba ta damu da shi yana ɗanye ba, sai ya yi iri son ransa, ya bi kofato da gashi ya yi arewa.

A tuge shi ko a nome shi da farkon damina, kafin ya yi fure. In an bari ya yi ƴaƴa sannan aka sare, an taya shi shuka ne. Nan take a watsa irin komayya, ƙarangiya ko gadagi da aka tara tun kaka, domin filin da aka bari tsirara garmanin ne zai fara dawowa. A hana kiwo a wurin har ciyawa ta zubar da iri, a maimaita damina biyu ko uku, saboda irinsa na kwance cikin ƙasa.

Inda ƙasa ta zama fako, ruwa na gudu a kai, sai rabin wata: rami mai faɗin mita huɗu, zurfin santimita 15 zuwa 30, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙa a jera ta a bayansa. Kusan 313 ke shiga hekta, a jere saɓi-zarce yadda ruwan da ya kuɓuce wa ɗaya zai faɗa na ƙasa da shi. A kan tudun rairayi rabin wata ɓata ƙarfi ne, ruwa ba ya gudu a can. Shingen kara ko na kalimbo ake kafawa a gicciye iska.

Dashen itace ko barin na Allah ya tashi?

A wannan yanki, na biyun. Kowace 3 ga Agusta ana dashe, amma ɗan itacen leda a ƙasar da ruwanta bai kai milimita 400 ba, babu shinge babu ban ruwa, akuya ce ke gadonsa. Kututture mai rai kuwa saiwarsa ta riga ta kai ga danshi. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga nan Maraɗi tun 1983, aka kuma ƙiyasta ya maido da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan biyar na ƙasar nan. A zaɓi tsiro uku zuwa biyar mafi ƙarfi a kan kututture, a cire sauran da wuƙa mai kaifi ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage, a rage rassan gefe har rabin tsayi, a sa alama don kowa ya san da mai shi.

Sassabe wa dabbobi kuma, a wajen tsakiyar gandu, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na rassa, kada a taɓa kan itace, kada a koma wa itace ɗaya shekara biyu a jere. Jiga da aduwa suna jurewa in an yi haka. In an yi musu aski kwal, fari na gaba zai same su ba ƙarfi.

Dila na ɗauke mana ƴan awaki. Laifi ne a sa guba a mushe?

Laifi ne a doka, kuma ba dilan ne zai fi mutuwa ba. Mushe ɗaya mai guba yana iya kashe ungulu da dama a wuni ɗaya, da karnukan rugga, da duk abin da ya ci su. Manyan ungulayen daji da ke sheƙa a itatuwan Gadabeji ƙwai ɗaya suke yi a shekara, kuma suna cikin tsuntsayen da suka fi kusa da ƙarewa, ga masu sayar da kawunansu a kasuwar magani. Inda babu su, mushe ya daɗe yana ruɓa kusa da mashaya. Maganin dila shingen ƙaya ne mai kauri da dare, da makiyayi babba a bayan ƙananan dabbobi da rana.

Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi na fita ta hanci ko ta baya, a ɗauka saifa ce. Kada a feɗe, kada a ci, kada a ja ta a ƙasa. A kira ma'aikacin dabbobi, a ƙone ta ko a binne a rami mai zurfin mita biyu. Ƙwayar cutar tana zama cikin ƙasa shekaru, tana kama barewa da mutum. Rigakafin garke na shekara-shekara kariya ce ga namun dawa ma.

In na tsinci ɗan barewa ko ƙwan tsuntsu, in kai gida?

A'a. Uwar barewa takan ɓoye ɗanta cikin ciyawa ta tafi kiwo, ba yasasshe ba ne. Dokar farauta ta 1998 ta hana kamawa da ajiyewa ba izini, kuma da yawa daga waɗanda ake kaiwa gida ba sa rayuwa. Kwasar ƙwai da ƴaƴa na cikin abin da ya gama da jimina a dajin Nijar, har sai da aka koma kiwonta a Kelle, cikin jihar Damagaram, da fatan mayar da ita.

Masu kwasar ciyawa da amalanke su kai kasuwa fa?

Manjagara ta fi saniya ɓarna. Saniya tana barin gindi da iri da taki, manjagara kuwa tana tafiya da duka har ƙasa ta fito. Tun da kiwon turke ya yawaita a Maraɗi da Dakoro, ciyawa ta zama haja, ana loda ta har a manyan motoci. A tsakiyar gandu babu wannan ko kaɗan. A waje, inda ya dace a kwasa shi ne kan hanyoyin tare wuta, inda dama ana son a share. Ƙaramar hukumar da ta haɗa masu amalanke da aikin hanyar wuta ta rage wa kanta kuɗin leburanci da rigima.

Ana iya zuwa kallo?

Ana iya, da izinin ma'aikatan gandun daji da ɗan rakiya daga cikinsu. Daga Maraɗi a bi hanyar Dakoro, daga can rairayi ne, sai mota mai jan ƙafa huɗu, da shebur, da taya biyu na ajiya, da ruwan da zai kai kwana biyu ko da wuni aka yi niyya. A tambayi hukuma halin tsaro kafin a tashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi, namun dawa kuma da sassafe ko bayan la'asar ake ganinsu. A tsaya kan sawun motar da aka riga aka bi, kada a kori dabba don hoto, kada a tsayar da mota mai zafi kan doguwar ciyawa, a duba ƙarƙashinta a cire wadda ta maƙale kusa da salansa. Mai dafa shayi ya share wuri har rairayi, ya binne garwashinsa kafin ya tashi.